Ruwan da Ya Zauna a Kujerar Maigida

Kwanakin baya wasu ɗalibai mata biyu 'yan Najeriya, masu karatun addini a nan Makka, suka zo gaishe ni a gidana da ke Aziziyya. Bayan an sha shayi, babbar cikinsu ta fito da abin da ya kawo su. Sun ji ina shirin rage aiki, suna so in miƙa musu wasu daga cikin yaran da nake koyarwa. Na gwada Turancinsu, ba laifi. Da na tambaye su ko sun taɓa koyar da nazarin waƙa, ƙaramar ta yi murmushi ta ce ai wannan ba abin wahala ba ne, kalma ake ɗaukowa a ce tana nuna baƙin ciki ko farin ciki, in abin ya kakare a tambayi waya. Ban yi musu gardama ba. Domin su na zauna na yi wannan rubutu, da duk wanda ke ganin aikin a nan ya tsaya.

Sana'ata ita ce shirya yara su rubuta jarrabawar Turanci ta ƙasar Sikotlan, musamman ɓangaren waƙoƙi. Wanda bai san Makka ba zai yi mamaki. Akwai Hausawa da yawa a nan waɗanda kakanninsu suka biyo ta Chadi da Sudan suka zauna. A nan aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu, amma da iƙama suke zaune, wato takardar zaman baƙo, kuma gurbin jami'a ba ya zo musu da sauƙi. Shi ya sa wasu iyayen ke yi wa yara rajista da wata makarantar koyo daga nesa da ke can Sikotlan. A gida ake karatun, a je Jidda a rubuta jarrabawa. Cikin takardar Turanci akwai waƙoƙin mutanen ƙasar: teku, masunta, tsibirai, gidajen haya masu duhu, da ruwan sama wanda ba ya ƙarewa. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Ɗa'ifa ba ita za ta zauna ta bayyana dalilin da ya sa mawaƙi ya ɗauki wannan kalma ya bar waccan. Akwai wata ɗalibata, Ramla, wadda karatunta gaba ɗaya ya rataya a kan wannan takarda. Zan zo kanta, amma sai na faɗi inda na koyi aikin.

A wani gidan rediyo a Kaduna na fara, ƙarƙashin Malam Isyaku, mai shirin sharhin waƙoƙin Hausa. Aikin farko da ya ba ni shi ne in rubuta sharhi a kan waƙar wani makaɗi game da manomin da sansa na huɗa ya mutu. Na cika shafi biyu na kai masa. A ciki na ce baitin yana da daɗi matuƙa, makaɗin ya nuna gwaninta. Malam Isyaku ya karanta a tsaye, ya miƙo mini ya ce daɗi na miya ne, shi aiki ya ba ni.

Ya ja ni ɗakin haɗa sauti. A lokacin da tef ake aiki, da reza ake yanka shi a liƙe. Ya nemo wurin da makaɗin ya ce san ya durƙusa a tsakiyar gona, ya sa reza ya cire kalmar "durƙusa", ya haɗe tef ɗin, ya kunna. Sai ya ce in cike ramin da bakina. Na ce ya faɗi. Ya ce to, san ya faɗi, me muka rasa? Na ce faɗuwa ta kowa ce, har tulu yana faɗuwa, amma durƙuso na mai gaisuwa ne, na mai neman gafara, na wanda ya gaji amma yana jin nauyin ubangidansa. Bai ce na yi daidai ba. Ya mayar da guntun tef ɗin wurinsa ya ce gobe in kawo sabon rubutu. Duk zamana da shi ban taɓa jin yabo daga bakinsa ba. In aiki ya yi masa, abin da zai ce kawai shi ne a saka, wato a sa a rediyo.

Ƙa'idarsa biyu na riƙe har yau. Ta farko, kada ki faɗi abin da kalma take yi sai kin gano kalmar da mawaƙi ya ƙi ɗauka. Ta biyu, kada ki furta a rediyo abin da mai sauraro a ƙauye zai juya ya tambayi na kusa da shi ma'anarsa.

Aikin maigidana ne ya kawo mu Makka. Na yi wasu shekaru ina zuwa Jidda, ina karanta labarai da shirye-shiryen alhazai a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Bayan na ajiye wannan, wani likita ɗan Katsina da ya taɓa aiki a Sikotlan ya nemi in taimaka wa 'yarsa, saboda sun taso daga can tana tsakiyar karatu. Ita ce ɗalibata ta farko, kuma a gaskiya musaya muka yi. Na koya mata yadda ake tsayawa a kan kalma, ita kuma ta koya mini ƙasar, don ni ban taɓa taka ta ba har yau. Daga bakinta na san cewa a hunturu gari yana yin duhu tun ana la'asar, da cewa a tsibirai ƙasa ake yankowa a busar a ƙona a madadin itace, kuma warinta yana kama tufafi. Yarinyar ta ci jarrabawa, labari ya bazu a gidajen biki, iyaye suka fara kira.

Kayan aikina ba su da yawa. Ƙamus biyu, ɗaya na Turanci, ɗaya na harshen mutanen Sikotlan ɗin, don suna da kalmominsu da Baturen Ingila ma sai ya tambaya. Sai muryoyin 'yan ƙasar suna karanta waƙoƙin, waɗanda nake kunna wa yara tun kafin su ga rubutun, saboda kunne yana kama abin da ido ke tsallakewa. Sai ɗan siririn kwali da nake yankowa daga akwatin ganyen shayi. Shi ne ya gaji rezar Malam Isyaku. Da shi nake rufe kalma a kan takarda in ce wa yarinya ta cike ramin.

Iyayen kuwa kala-kala ne. Akwai uban da ya sa aka ja labule ya zauna a bayansa darasi bayan darasi, yana so ya tabbata ba kafirci nake cusa wa 'ya'yansa ba. Ranar da muka karanta waƙar wani tsoho da ke binne karensa na kiwon tumaki, sai muka ji murya daga bayan labule tana tambaya ko tumakin sun samu wani mai kula da su. Tun daga nan ya daina zama. Akwai uwar da take ganin tunda ana ce mini Abla, yadda ake kiran malama mace a nan, to zan iya duba mata takardun asibiti da na haya. Lokacin aikin Hajji kuma masu gidaje a Aziziyya suna tashin 'yan haya su zuba alhazai, sai darasi ya koma unguwar Shisha ko duk inda iyalin suka raɓa, a yi karatu a kan katifun da aka jera har rufi.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekarata. Aka rufe gari, Harami ya zama fayau, alhazai ba su zo ba, kuma yawancin iyayen ɗalibaina da alhazai suke cin abinci. Ba a zauna jarrabawa ba a wannan shekarar. Na koma koyarwa ta waya, a gidajen da waya ɗaya ce tsakanin yara da yawa. Kwalina bai yi amfani ba, don ba ni da takardar da zan ɗora shi a kai. Abin da ya fi damun aikin shi ne ba na ganin fuska. Akwai wani motsi da gira take yi lokacin da yaro ya gane abu, kuma da shi nake sanin ko in wuce ko in tsaya. Ta waya kowa "na gane, Abla" yake cewa. Da aka buɗe gari, yawancin 'yan ajin nan ba su dawo ba. Wasu sun shiga aikin shago, wasu an yi musu aure, ɗaya iyayenta suka koma Zinder.

A shekarar da ta biyo baya aka kawo mini Ramla. A unguwar Ka'akiyya aka haife ta. Babanta, Malam Habu, direban tasi ne tsakanin Makka da Jidda. Mahaifiyarta, Hajja Tasalla, tana kasa kuka da daddawa da zoɓo da lalle a jikin katangar wani masallaci. Ramla ta fi sakewa da Larabci, Hausarta ta cikin gida ce, irin ta Kano ta tsofaffi. Kanta yana ja a kimiyya, har wata ƙungiya mai taimakon ɗalibai ta yi alkawarin ɗaukar nauyinta ta karanta aikin ungozoma a Sikotlan. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: ta samu sakamako mai kyau a Turanci a wannan zaman, domin alkawarin ba ya tsallaka shekara. In ta faɗi, babu wata ƙofa a gabanta sai zaman gida.

Waƙar da ta tsaya mana ta wata mata ce a tsibiri wadda teku ya cinye mijinta. Mawaƙin ya siffanta ruwan sama da baƙo. Ya ce ruwan ya shigo gidan, ya rataye kwat ɗinsa a ƙusa, ya zauna a kujerar maigida, kuma launinsa irin na ruwan wanke-wanke ne. Tambayar da makarantar ta aiko ita ce a bayyana yadda wannan hoto yake nuna halin da matar take ciki.

Ramla ta rubuta amsa mai tsabta, Turanci ba kuskure. Ta ce ruwa rahama ne, baƙo kuma albarka ne, don haka mawaƙin yana nuna cewa Allah bai bar matar ita kaɗai ba, ya aiko mata wanda zai cike gurbin da ya zama wayam. Aka dawo mata da takardar da maki kaɗan, mai dubawa ya rubuta cewa ta juya waƙar a kife. Ta ajiye takardar a gabana, idonta ya kawo ƙwalla.

"Ya Abla, ruwa ne fa," in ji ta. "Wa yake fushi da ruwa?"

Ina so masu son shiga wannan aiki su tsaya a nan. Yarinyar ba wauta ta yi ba. A Makka in hadari ya haɗu mutane barin aiki suke yi, a yi ta kiran juna a waya, masu hali su nufi Harami don ruwan ya same su suna ɗawafi, yara su fita titi ba takalmi, tsofaffi su ɗaga hannu don lokacin karɓar addu'a ne. Baƙo kuwa, garin nan kaf da baƙi yake rayuwa, tasin babanta da tiren uwarta duk baƙo suke jira. Mawaƙin ya haɗa abubuwa biyu da ya tabbata mai karatunsa zai ji nauyinsu, sai ya zamana su ne abubuwa biyu da 'yar Makka ta fi murna da su.

Da na so, sai in ce mata ta haddace cewa ruwa a waƙar Sikotlan baƙin ciki ne, kuma da ta haddace. Amma a jarrabawa ana neman a kwatanta waƙar da sauran waƙoƙin mawaƙin, kuma ba kullum ruwansa yake zuwa da fuska ɗaya ba. Mai hadda tambaya ta biyu take kama shi. Dole sai ta ji abin da kanta, daga cikin kalmomin.

Na fara da kwali. Na rufe kalmar zama. Wadda mawaƙin ya zaɓa ta zama ce mai nauyi, irin ta wanda ya saki jikinsa gaba ɗaya a kan kujera. Na ce ta sa wata. Ta sa "ya leƙo", ta sa "ya tsaya". Na tambaye ta me muka rasa. Ta ce mun rasa sakin jiki, ai baƙon da ya saki jiki shi ne ya ɗauke ka nasa. Na rufe launin. Ta ce launin gajimare ke nan, kuma babu launin da ya fi shi kyau a sama, shi ya sa kowa ke ɗaukarsa hoto. Duk amsar da ta bayar a kan hanya take, sai dai tana kai ta wani gari daban. A nan na ga iyakar rezar Malam Isyaku. Ni da shi mun san san huɗa, mun san gona, mun san durƙuso. Cire kalma yana aiki ne in malami da ɗalibi sun yarda a kan abin da ake magana.

Na ce to bari jikinta ya koya. Na jiƙa safar ulu na sa a firji, na ba ta ta saka har muka gama darasi. Ta ce wallahi ƙafarta ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na roƙi wani mai ɗakin sanyi a kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya ya bar mu mu shiga cikin akwatunan tumatir, na karanta mata waƙar a can haƙorana suna kaɗawa. Da na ce mu fita, ta ce in ƙara karantawa sau ɗaya.

Da hunturu ya shigo na shawo kan Malam Habu ya hau da mu, har da Hajja Tasalla, zuwa Hada, kan dutsen da ke hanyar Ɗa'ifa, inda gajimare ke saukowa har ƙasa mutum bai ga gabansa ba. Muka same shi kuwa, da yayyafi. Na tsayar da ita a ciki na ce ta yi tunanin kullum haka gari yake wayewa. Ta buɗe hannuwa ta ce in haka ne ai mutanen can a Aljanna suke ba su sani ba. Ta ɗauki hotuna, muka ci gasasshiyar masara, birai suka ƙwace ta Hajja Tasalla. A hanyar saukowa Malam Habu ya dube ni ta madubi.

"Malama, kin kawo ta ki yi mata magani, kin ƙara mata ciwon."

Ramla ta ce ai Baba ma ya fi kowa, shi da yake tsayar da mota da fasinja a ciki in an fara ruwa. Ya ce wannan daban, gilashi yake wankewa.

Muka ci gaba da sauran waƙoƙin, amma makinta bai motsa ba. Duk inda yanayi ya shigo sai ta karkace. In mawaƙi ya ce inuwa ta rufe titi, ita hutu take gani. In ya ce rana ta faɗo a kan fuskar yaro, sai ta tausaya wa yaron. Zafi ya dawo, jarrabawa ta matso, Hajja Tasalla ta daina tambayata yaya karatu, sai dai ta dube ni ta ce Allah ya ba da sa'a.

Wata ranar darasi na isa gidansu bayan azahar na tarar ba ta nan, aka ce tana wurin uwarta. Na taka zuwa masallacin. Masu kasa kaya a jikin katanga suna da wani aiki da mai wucewa ba ya lura da shi: bin inuwa. Da safe inuwar katangar tana da faɗi, tana ta tsukewa, mai kaya tana ja da baya da tabarmarta da tirenta, har a kai lokacin da babu sauran inda za a matsa sai an zagaya ɗaya gefen. Tun Ramla tana ƙarama ita ke kwashe tire. Na same su suna cikin wannan, ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi, daddawa ta fara narkewa a leda. Hajja Tasalla ta ɗaga kai ta harari sama.

"Kin gan ta nan, Abla. Tun da sassafe ta shigo ba sallama, ta baje sai ka ce gidan ubanta. Kuma ba ta da ranar tafiya."

Ramla ta yi dariya, ta ce kullum sai Umma ta yi faɗa da rana kamar wata maƙwabciya. Na karɓi tiren da ke hannunta na ajiye. Na tambaye ta, wannan da Umma ta kira mai shigowa ta baje, yabonta take yi? Ta ce a'a mana. Na ce to baƙuwa ce ko ba baƙuwa ba? Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai na ga girar ta motsa.

"Ya'ani ruwansu shi ne ranarmu," in ji ta a hankali. Sannan ta ƙara da cewa, "Abla, a waƙar ma ba wanda ya ce masa bismilla."

Wannan na biyun ban taɓa lura da shi ba a duk karantawar da na yi. Na koma gida na duba, haka ne: daga farkon waƙar har ƙarshenta matar ba ta yi wa ruwan magana ba, ba ta miƙe ba, ba ta kawo masa komai ba. Yarinyar da ta tashi a gidan da ba a barin baƙo ya zauna ba a ce masa sannu da zuwa ba ita ce za ta ji wannan shirun.

A kan tabarmar nan ta sake rubuta amsar, takarda a kan cinya, uwarta tana auna wa wata mata zoɓo. Ta ce rataye kwat aikin wanda ba shi da niyyar tashi ne. Ta ce kujerar maigida ba a ba shi ba, ɗauka ya yi, kuma duk lokacin da matar ta ɗaga ido za ta ga wanda ke zaune ba wanda take so ba ne. Ta ce mawaƙin yana da launuka da yawa da zai kira toka-toka da su, amma ya ɗauki na ruwan wanke-wanke, ruwan da an gama amfani da shi, wanda aikin mace ne ta zubar, ga shi kuma wannan ba ya zubuwa. Na karanta na ce mata a saka. Ta ce a saka me? Na ce ta wuce ta gaba.

Daga ranar hanyar aikina ta sauya. Kafin mu taɓa kalma, sai na fara tambayar yarinya: wannan abu da ke cikin waƙar, wane ne shi a garinmu? Teku a wurin 'yan Makka wurin shan iska ne a Jidda ranar hutu. A wurin mawaƙin kuwa wurin neman abinci ne da maza ke fita da safe, wani lokaci a dawo, wani lokaci a kawo labari. Ramla da kanta ta ce wannan ai titin Jidda ne, don ta san yadda Umma take zama in Baba ya yi jinkiri. Amma ina gargaɗinku, musayar ƙofa ce kawai, ba amsa ba. Bayan an shiga dole a koma kan kalma. A wata waƙar ta mawaƙin nan akwai yayyafi mai laushi da ya sauka a kan jariri ranar da aka fara fita da shi, Ramla ta yi sauri za ta ce wahala ce. Na ɗora mata kwali. Ta duba kalmomin da ke kewaye, ta ga duk masu taushi ne, ta ce to wannan kam rahama ce ko a wurinsu, ta yi murna kamar ta haɗu da ɗan garinsu a ƙasar waje.

Malam Habu ne ya kai mu Jidda ranar jarrabawa, ya ƙi ɗaukar fasinja ko ɗaya. Da ta fito ta ce ba waƙar ruwan aka kawo ba, ta titi mai inuwa ce. Na tambaye ta me ta rubuta. Ta ce ta fara jin sanyin inuwar a ranta, sai ta tuna mutanen nan rana suke jira, ta koma ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ban ƙara tambaya ba, don abin da aka riga aka miƙa ba a gyara shi a mota. Sakamako ya fito lokacin da zafi ya kai maƙura. Ta samu abin da ake nema, har da ɗan rara. Hajja Tasalla ta aiko mini da kukar da har yanzu ban gama da ita ba.

Ramla ta tafi. Bayan hunturunta na farko a can, na bi ta masallacin nan zan sayi daddawa. Hajja Tasalla ta sallami mai sayen da ke gabanta, ta jawo ni gefe ta rage murya. Ta ce jiya sun yi waya. Yarinyar ta ce mata an daɗe ba a ga rana ba, sai jiya ta fito, ita kuma da aka ba su hutun cin abinci a asibiti ta fita waje ta tsaya a cikinta, ta ɗaga fuska, ta rufe ido.

"A rana, Abla. Da gangan. 'Yata." Ta kama hannuna. "Ki gaya mini gaskiya, lafiyarta ƙalau kuwa?"

Na ce lafiyarta ƙalau. Ta dube ni kamar ba ta gamsu ba, ta ɗaure mini daddawar, ta ce ita dai akwai wani mai tafiya can bayan salla, za ta ba shi laima ya kai mata saboda rana. Na ce ta bayar, za ta yi amfani.